Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga matasan Maraɗi masu riƙe da kyamara

Assalamu alaikum.

Ƙannena da ƴaƴana masu ɗaukar bidiyo da shirya fina-finai a birnin Maraɗi da sauran garuruwan jiha, daga Tasawa har Dakwaro, ina gaishe ku, ina yi muku sannu da ƙoƙari. Allah ya sa ku da iyalanku kuna lafiya.

Roƙo ne ya sa na rubuto muku, kuma guda ɗaya ne. Ina so ku shiga da kyamarorinku cikin gidajenmu, ku ɗauko yadda wayar salula ta sauya zaman iyali a ƙasar nan. Fim ɗin zahiri nake nufi, wanda ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa ba, ba a kuma ɗauko ɗan wasa ya tsaya a madadin mai abu ba. Ina so kuma ku yi shi yanzu, tun waɗanda suka ga jiya suka ga yau suna da sauran ƙarfi da tunani.

Na san aikin da ke hannunku. Ba a ɗaurin aure ko suna ko walimar sauka a Mokoyo ko Zariya ko Bagalam sai an ga ɗayanku yana kutsawa cikin taro da kyamara a kafaɗa. Wasunku barkwanci suke haɗawa don TikTok, wasu waƙa, wasu kuma fim ɗin soyayya irin na Kano. Ban raina ko ɗaya ba, da shi kuke rufa wa kanku asiri, jama'a kuma suna so. Amma duk wannan ranar kwalliya ce. Jikan da zai buɗe bidiyoyinku nan da shekara 50 zai zaci kakanninsa ba su da aiki sai sa shadda da liƙi. Ba zai ga tsohuwa ta kanga waya a kunne tana ta maimaita muryar ɗanta da ke Libiya har caji ya ƙare ba, alhali wannan shi ne zamanmu na kullum.

Ku zauna da iyayenku ku tambaye su yadda saƙo yake tafiya a da. Wanda ya tafi biɗa Ikko ko Abijan ko Kumasi, sai a yi wata da watanni ba a ji ɗuriyarsa ba, har Allah ya kawo wani ɗan gari da sallahu: gaisuwa a baki, ɗan kuɗi ƙulle a ƙyalle, wani lokaci da takarda. Takardar nan kuwa ba ta da sirri. In da ajami aka rubuta a nemo malam, in da boko ne a kira ɗan lakwal, ya tsaya tsakar gida ya karanta kowa na ji. Abin da miji zai so ya gaya wa matarsa ita kaɗai ba ya shiga takarda, yana nan a ciki har ranar da ya dawo, in ya dawo. Da rediyo mai kaset ta yawaita sai aka koma aiko da murya. A taru bayan sallar isha'i a kunna, mai kuka na yi, mai dariya na yi, washegari a ɗauki amsa, a bi da bi daga maigida zuwa autan gida, kowa ya yi gyaran murya ya ce yana gaisuwa. Akwai kuma shirin gaishe-gaishe na gidajen rediyo, inda mutum zai kasa kunne mako guda yana jiran a ambaci sunansa. Daga baya telesantar ta zo, ana aiko wa mace cewa ta je ranar kaza bayan la'asar za a kira ta, ta je ta zauna kan benci tana jira, wata rana a kira, wata rana ta koma gida haka nan.

Salula ta shigo a farkon shekarun 2000. Kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, ya koma Zain a 2008, ya zama Airtel a 2010. Orange ya zo a 2008, daga baya ya zama Zamani. Kun tashi kun tarar da abin, shi ya sa ba kwa mamakinsa. Har waɗanda ba su da kati suka ƙago yarensu: a bugo a katse, mai kuɗi ya gane ya kira. Amma a nawa ganin babban juyi bai zo ba sai da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, wayoyi masu shafa fuska kuma suka yi araha. A ƙasar da yawancin manya, musamman mata, ba su karanta boko, wannan ya fi Facebook, ya fi kiran bidiyo. A karon farko mace a ƙauye tana iya gaya wa mijinta ko ƴar uwarta abin da ke ranta babu mai karanta mata, babu mai rubuta mata, babu mai tsayawa a kanta. Matar da ke da shekara 65 yau a Madarunfa ta ratsa duk matakan nan, daga sallahu zuwa saƙon murya, a rayuwa guda. Wa ya taɓa ajiye kyamara a gabanta ya bar ta ta ba da labari?

Masu bincike na waje sun auna abin da ake iya aunawa. Wata masaniyar tattalin arziki ta Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar, ta wallafa a 2010 cewa shigowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin ɗan kasuwa ya daina ɗora buhu a mota ya tafi da ka, sai ya buga ya ji farashi tukuna. Aiki ne mai kyau, duk wani mai sayen gero a nan zai ce haka ne. Sai dai lissafi yana tsayawa a bakin zaure. Abin da waya ta yi tsakanin miji da mata, tsakanin uwa da suruka, tsakanin uba da ɗan da ya balaga, sai wanda aka yarda ya wuce zaure ne zai gan shi. Ku kuwa an saba da ku, da ku aka yi bikin gidan.

Ku ɗauki gidan ɗan ci-rani kawai, ku ga yawan abin da ke ciki. Maigida yana Aljeriya ko Legas, ko yana haƙar zinariya a arewa tun da aka gano ta Jado a 2014. Kuɗi suna zuwa ta kamfanonin tura kuɗi irin Nita ko Al Izza cikin sa'a guda, ba sai an jira ɗan gari ba. To, sunan wa ake sa wa, na uwa ko na mata, ko na ƙanen da ke da katin shaida? A hannun wa wayar gidan take kwana? In mata biyu ne, wa aka fara kira, wa aka daɗe ana hira da ita? A da wanda ya yi tafiya ya bar mulkin gida ga na gida, yanzu yana can yana ba da izinin fita unguwa da murya, yana tambayar me aka dafa, yana yanke hukunci a rigimar da bai gani ba. Wata matar za ta ce muku ta samu sauƙi, in yaro ya kwana da zazzaɓi kafin azahar kuɗin magani sun iso. Wata za ta ce tun da ya ga ana jin muryarsa kullum ya daina ganin dalilin dawowa, shekara uku ke nan sai gaisuwa. Dukansu gaskiya suke faɗa. Malamai ma sun san abin, don ana yawan kai musu tambaya kan sakin da aka yi ta waya.

Magabata sun ce zumunta a ƙafa take. Yanzu ta'aziyya da barka da dubiya duk ana turo su ta waya, kowane dangi da zaurensu na WhatsApp, inda ake sanar da rasuwa, a haɗa gudummawar biki, a kuma yi faɗa a fice. Akwai dattawan da ke cewa waya ta kashe zumunci, akwai matasan da ke cewa ita ta raya shi. Ni ba na cikin ko wane ɓangare, kuma ina roƙonku kada fim ɗinku ya shiga. Wa'azi muna da masu yinsa, sun fi ku iyawa. Naku shi ne ku nuna dattijon da ya ƙi karɓar ta'aziyyar ƙanensa ta waya, ku nuna ƙanen da kuɗin motarsa bai kai ba, ku bar mai kallo da su.

Mu da muke bakin iyaka muna da wani babi da mutanen Yamai ba za su iya ɗauka kamar ku ba. Sarakunan Katsina ne suka kafa garin nan bayan jihadi ya ci birninsu a 1807, har gobe sarautar Sarkin Katsina ake kira, kuma da wuya ka sami gida a Maraɗi da ba shi da ɗan uwa a Jibiya ko Katsina ko Kano. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya sake toshe hanyar Ɗan Isa, aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, sai a 2024 abin ya sassauta. Tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba ta zama aiki. An yi jana'iza, an ɗaura aure, an raɗa suna, wasu dangi ta fuskar waya kawai suka halarta, ga kuma neman inda za a yi caji. Kowa yana da labarin watannin nan a bakinsa yanzu. Nan da shekara goma za a tuna an rufe iyaka, amma ba za a tuna yadda aka yi ba.

Akwai wurin da zan ce ku taka a hankali. A yankin Gidan Rumji da Madarunfa, inda ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka shigo da dubbai tun 2019, inda kuma masu satar mutane suka addabi ƙauyuka, akwai gidajen da ƙarar waya take tsinka musu zuciya, don ta nan ake cinikin fansa. Wannan ma cikin labarin yake. Amma kada son suna ya sa ku nuna fuska ko gida ko sunan ƙauyen da zai jawo wa wani bala'i. In ba za a iya ɗauka ba tare da jefa mutum cikin haɗari ba, a bar shi.

Kada wani ya ce muku wannan sana'ar Turawa ce. Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fina-finai, ya bi ƴan ci-ranin Nijar zuwa Gana da Abijan da kyamara a shekarun 1950, a ƙasar nan kuma ya rasu a 2004, a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni. Amma waɗanda suka tashi a gefensa ba su tsaya riƙe masa jaka ba. Mustafa Alasan ya fitar da fim kan aure tun 1962. Umaru Ganda shi ne mutum na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO, gasar fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972. Na kusa da ku kuwa, Sani Magori ɗan Galmi ya yi fim a 2008 kan noman albasa da yadda aure yake rataye da amfanin gona, sannan ya ɗauki wata tsohuwar zabiya har Abijan don ta rarrashi mahaifinsa ya dawo gida, ya mai da tafiyar fim. Aisha Maki ta Damagaram ta yi nata a 2016 kan matan da Allah bai ba haihuwa ba, ta fara da kanta. Ku lura, biyun nan na ƙarshe cikin gidajensu suka fara, da Hausa, duniya kuma ta kalla. Galmi ta yi, Damagaram ta yi. Ban ga abin da zai hana Maraɗi ba, garin da ke taƙama da kasuwa da wayewa.

Mun sha ganin baƙi sun sauka da manyan motoci, su yi kwana uku a ƙauye, su ɗauki yaro mai tamowa da mace a bakin rijiya, su tafi. Fim ɗin ya fita da wani harshe, waɗanda ke cikinsa ba su taɓa ganinsa ba. Ba na cewa ƙarya suka ɗauka. Sun ɗauki abin da suka zo nema ne, kuma wanda ya zo neman yunwa ba zai ga yadda matar nan take sayar da turaren wuta da atamfa daga ɗakinta ta hanyar sa hoto a WhatsApp ba, balle ya tambayi ko hakan ya rage ɗora wa ƴarta talla. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ga ɗan abin da nake ganin zai taimake ku a aikin kansa. Abu na farko haƙuri. Ranar farko kowa wasa yake yi wa kyamara, a sa kayan sallah, a gyara zama, a yi magana irin ta rediyo. Sai kun yi ta zuwa har an manta da ku, an koma faɗa da yara a gabanku, sannan aiki ya fara. Shekarar manomi ma ta tsara muku fim ɗin: ku kama gida ɗaya tun kaka, lokacin da samari ke ɗaure jaka bayan an kai gero rumbu, ku bi shi cikin hunturu da bazara, har faɗuwar ruwa, lokacin da ake zuba ido a ga wa zai dawo shuka, wa zai turo kuɗin ƙwadago kawai. Ku kula da sauti fiye da hoto. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba ya haƙuri da maganar da iska ko injin niƙa ko ƙarar babur suka cinye, kuma ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga bai kai kuɗin wayar da ke aljihunku ba. Don Allah kada ku ɗora kiɗa a kan maganar tsohuwa. In ta yi shiru ku bar shirun, kada ku yanke.

Harshe kuma ku bar shi yadda ya fito. Wanda ya ce "mi ya hwaru" kada a gyara masa zuwa Kananci. Tun Maris 2025 doka ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, to a adana ta da dukan launukanta, Katsinanci da Gobiranci da na Tasawa. In kun je Dakwaro ko Bermo kuka tarar da makiyayi yana tambayar labarin ruwa da ciyawa ta waya da Fulatanci ko Buzanci, ku ɗauka da harshensa, ku sa fassara a ƙasa.

Ƴan mata da matan aure da ke cikinku, rabin aikin nan naku ne, ko fiye. Namiji komai iyawarsa akwai ƙofar da ba zai wuce ba, akwai kuma maganar da ba za a yi a gabansa ba. Ku maza, in kuna da ƙanwa mai sha'awa ku koya mata, ku ba ta kyamarar, ku tsaya waje.

Sai maganar amana, wadda ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Mutanenmu suna da kunya, sau da yawa za su ce "to" don kada su ba ku kunya, ba don sun fahimci inda hoton zai je ba. Ku bayyana musu dalla-dalla cewa abin da ya hau intanet ba ya saukowa, maƙwabci zai gani, surukai za su gani, mijin da ke Tamanraset zai gani. Kada ku fitar da matar aure don maigida kaɗai ya yarda, haka nan kada ku fitar don ita kaɗai ta yarda alhali kun san zai jawo mata saki. Wadda ba ta faɗin sunan miji ko na ɗan fari kada ku matsa mata. Saƙon murya da aka turo wa mutum ba nasa ne shi kaɗai ba, mai muryar ma sai an tambaye shi. In kun gama haɗawa, waɗanda ke ciki su fara gani kafin kowa, abin da suka ce a cire a cire, ko da shi ne wurin da ya fi yi muku daɗi.

Za ku ce wa zai biya. Tambaya ce ta gaskiya, biki yana ba da jika-jika a hannu, fim ɗin zahiri kuwa sai dai ya ci mai da mega. Ba ni da maganin wannan duka. Amma kayan aikin suna hannunku, kuma gidan da za ku fara da shi bai wuce tafiyar ƙafa ba. Fim ɗin minti 15 da aka gama ya fi ƙarfin takardar neman tallafi, da shi za ku ƙwanƙwasa ƙofar Cibiyar Fina-finai ta Ƙasa, CNCN, da Tele Sahel da tashoshi masu zaman kansu, da shi kuma ake shiga gasa irin FESPACO da ake yi duk shekara biyu. Alhazan garin nan da ke gina masallatai da makarantu, Allah ya saka musu, ku je ku nuna musu, ba mamaki wani ya ga mahaifiyarsa a fuskar tsohuwar da kuka ɗauka ya buɗe aljihu. Wajen nunawa kuma kada ku tsaya ga YouTube. A kafa majigi a filin makaranta da dare, a kai fada inda samari ke shan shayi, a zuba wa mutane a memori su tafi da shi ƙauye.

Ku kuma yi tunanin ajiya tun daga ranar farko. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, memori yana mutuwa ba sallama, abin da aka tura ta WhatsApp kuma an matse shi ya rage kyau. Duk abin da kuka ɗauka ku kwafe shi wuri biyu, ɗaya ba a ɗakinku ba, ku rubuta rana da gari da sunan mai magana, har da abin da ba ku sa a fim ba. Ina fatan Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo za ta ware ɗaki don irin wannan, kamar yadda cibiyar CELHTO ta Yamai take adana tarihin baka, kuma ku ne ya kamata ku haɗu ku je ku nema, ba ɗaiɗai ba. Kafin nan, ku bi gidaje ku tambayi tsofaffin kaset-kaset na saƙo da ke ƙasan akwatuna. Zafi da ƙura suna cin zaren, saboda haka kada ku sa su a rediyon da ke tauna kaset. Ku nemo mai gyara ya duba injin tukuna, ku juye muryar a kwamfuta sau ɗaya, ku mai da wa masu abu kayansu tare da kwafi a memori.

Allah ya yi muku jagora, ya sa albarka a sana'arku. A gaida mutanen gida.

Wassalam.

Naku,
wani tsohon malamin makaranta, Maraɗi.